Gida uku na durowar injin wanki: ina ake zuba omo, kuma me ya sa yake dunƙulewa a ciki?

Tambaya: Na sayi injin wanki mai ƙofa a gaba. Durowarsa gida uku ce. Ni dai nakan zuba omo a na dama da na hagu, in cika na tsakiya da ruwan laushi mai sa kaya ƙamshi. Bayan wanki sai in tarar omon ya dunƙule a ciki, gidan tsakiya cike da ruwa, wani lokaci har kumfa na tsiyayowa ta bakin durowar. Kayan kuma ko ƙamshin ba sa yi. Injin ne ya lalace?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, da wuya a ce injin ya lalace. Duk abin da kika lissafa ana ganinsa a sabon inji fil, kuma yawancinsa ba ya buƙatar a kwance ko ƙusa ɗaya. Abin da ya kamata ki fara riƙewa shi ne, gidajen nan uku kowanne da lokacinsa. Injin ba ya gane abin da kika zuba. Abin da ya sani kawai shi ne yaushe zai tura ruwa wane gida. In kin san wannan jadawalin, sauran bayanin duk zai zo miki da sauƙi.

Ita durowar ba wani inji a jikinta, roba ce zalla. In kika zare ta gaba ɗaya kika leƙa ramin da ta fito, za ki ga rufin sama da ƙananan huji a jere. A bayan injin, daidai inda tiyon ruwa yake shiga, akwai bawul, wato 'yan ƙofofin da ke buɗe wa ruwa hanya su rufe, masu buɗewa da lantarki. Ƙwaƙwalwar injin ce ke buɗe wanda ya dace, ruwa ya biyo ta rufin nan ya feso a kan gida ɗaya, ya kwashi abin da ke ciki, ya gangara ta bayan durowar cikin wani ƙaton tiyon roba har zuwa gangar da kaya suke. A injina da yawa bawul biyu ne kacal ke kula da gida uku: wannan ya buɗe, ruwa ya tafi gida ɗaya, wancan ya buɗe, ya tafi ɗayan, in suka buɗe tare sai ruwan biyu su yi karo su karkata zuwa gidan ruwan laushi. Ƙarfin ruwan da ke shigowa shi ne ke yin aikin duka, kuma zan dawo kan wannan, don ina zargin nan ne rabin matsalarki take.

Kada ki bi dama da hagu, domin kowane kamfani da yadda yake jera nasa. Ki duba alamar da ke jikin robar. Gidan da aka sa wa sanda biyu, wato II, ko lamba 2, shi ne na babban wanki, kuma galibi shi ya fi faɗi. Nan omonki zai shiga a kowane wanki. Mai sanda ɗaya, I ko 1, na wankin share fage ne, wanda a jikin injin ake rubuta Prewash. Mai hoton fure, wasu kuma tauraro, shi ne na ruwan laushi, kuma sai a ɗauraya ta ƙarshe injin ke taɓa shi.

Gida mai sanda ɗaya, a mafi yawan ranaku, a bar shi wayam. Amfaninsa sai in kaya sun yi datti na gaske, irin kayan makaniki, ko yunifom ɗin yaran da suka yi birgima a filin makaranta, ko labulen da ya sha ƙurar hunturu. Sai ki danna Prewash, ki sa omo kaɗan a I, ki sa na sosai a II. Injin zai yi gajeren wanki, ya zubar da wannan ruwan mai laka, sannan ya ɗebi sabo ya kwashi omon da ke II. To ke kina zuba omo a I ba tare da kin zaɓi wannan tsarin ba. Ɗayan biyu ne zai faru. Ko dai ruwa bai bi ta wurin ba, sai feshi da tururi su jiƙa garin ya daskare, shi ne dunƙulen da kike tararwa. Ko kuma, a injinan da ruwan ɗauraya ke bi ta wannan gidan, omon ya shiga ganga a daidai lokacin da ake ƙoƙarin fitar da omo daga kaya. Sai kaya su fito da farin zane-zane, yara su yi ta susa.

Yanzu gidan fure, wanda shi ne mutane suka fi ɓatawa. In kin lura, gidajen omo a buɗe suke ta baya, abin da aka zuba na iya gangarawa. Na fure kuwa rufaffen kwano ne, don dole ya riƙe ruwan laushi kusan tsawon wankin bai zube ba. A cikinsa akwai ɗan bututu a tsaye, an kifa masa hula ta roba, sau da yawa shuɗiya, da layi an rubuta MAX, wato iyakar inda za a cika. Aikinsa irin na masu zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo ne: da zarar ruwan ya haura ƙololuwar bututun ya fara gangarawa, ba zai tsaya ba sai ya janye abin da ke cikin kwanon kaf. A ɗauraya ta ƙarshe injin ke ƙara ruwa a gidan har ya haura wannan ƙololuwa, zuƙowar ta fara, ruwan laushi ya sauka kan kaya.

Kin ga ke nan abin da cikawa fal take jawowa. In kin wuce layin MAX, ke da kanki kin tayar da zuƙowar tun kafin a kunna inji. Ruwan laushin ya tsiyaye cikin ganga, ya haɗu da omo, a wanke shi a zubar. Ko ba ki wuce layin ba, in kika banko durowar da ƙarfi, ruwan zai yi tambal-tambal ya haura bututun, sakamakon ɗaya ne. A hankali ake tura ta. Kuma ba asarar ƙamshi kaɗai ake yi ba. Sinadarin wanki da ke cikin omo da na cikin ruwan laushi cajinsu kishiyar juna ne, in suka haɗu sai su kama juna, wannan bai wanke da kyau ba, wancan bai tausasa ba, sai wani maiƙo-maiƙo da ke liƙewa a kaya da jikin ganga. Dalilin da ya sa aka raba musu gida da lokaci ke nan.

Ruwan da kike tararwa a gidan tsakiya, in ɗan kaɗan ne a ƙasa, kamar cokali ɗaya ko biyu, ba komai, haka yake. In kuwa cike yake, bututun ya toshe ko hular ba ta zauna daidai ba. Ruwan laushi mai kauri shi ke kawo wannan, yana bushewa a cikin bututun kaɗan-kaɗan har ya rufe hanya. Mai kaurin nan a riƙa sirka shi da ruwa kafin a zuba, amma jimillar kada ta wuce layin. Ni a ganina ma ba kowane wanki ke buƙatarsa ba. Tawul in ya sha ruwan laushi yau da gobe, sai ya daina tsotse ruwa, ki ga ana goge jiki amma jikin na nan a jiƙe. Haka rigunan ƙwallo da na motsa jiki, yana toshe musu ƙofofin da gumi ke fita.

Tunda muna kan wannan gidan, bari in tsaya kan abu biyu da ake yawan zuba masa. Na farko sitaci. Littattafan wasu injina sun yarda a zuba sitacin ruwa na kanti a gidan fure, tunda shi ma a ƙarshe ake son sa. Amma sitacin rogo da ake damawa a gida don shadda da yadin maigida, wannan kada ya kusanci durowa. Yana hucewa zai yi kauri ya toshe bututun, abin da ya wuce kuma ya kwanta cikin tiyo ya yi tsami. A yi masa roba daban bayan an kwashe kaya. Na biyu bilic, irin su Hypo da Jik. In kika zuba shi a gidan fure, zai sauka a ɗauraya ta ƙarshe, babu wani ruwa bayansa da zai wanke shi. Kayan za su bushe da shi, ya ci zare, ya ci fata. Wasu injina, musamman masu buɗewa ta sama, suna da gidan bilic na musamman, da rubutu ko alamar kusurwa uku. In naki ba shi da shi, ki bi abin da littafinsa ya ce, ko ki jiƙa fararen kayan a bokiti tukuna, ki ɗauraye, sannan su shiga inji.

To, mu dawo kan ƙarfin ruwa. In kin gyara zubin kuma har yanzu omo na saura a gidan II, kusan kullum nan ne. An ƙera injinan nan da tunanin ruwan famfo mai ƙarfi. Ki duba littafin naki, za ki ga mafi ƙarancin ƙarfin da yake so: da wani ma'auni da ake kira bar ake auna shi, wasu rabin bar, wato 0.5, wasu bar 1 cur. Mu kuwa yawancin gidajenmu daga tankin sama ruwa ke saukowa, kuma lissafinsa a fili yake: tsayin mita 10 ne ke ba da kusan bar 1. Tankin da ruwansa ya ɗara bakin injin da mita 3, abin da zai bayar bai wuce 0.3 ba, kafin ma a cire abin da siraran bututu da lanƙwasa ke cinyewa a hanya. Mai gidan bene da tanki a can ƙololuwa, injinsa a ƙasa, ba zai san wannan damuwar ba. Mai gidan ƙasa da tanki a kan ɗan ƙarfe kuwa, ruwan ba feshi yake yi a durowa ba, ɗiga yake yi. Ya huda rami a tsakiyar garin ya wuce, ya bar gefe-gefen a jiƙe. Kuma ƙarfin na raguwa yayin da ruwan tankin ke yin ƙasa, shi ya sa wankin ranar da aka cika tanki ya fi na ranar da ya kusa ƙarewa.

Gwajin ba wuya. Ki kunna wanki ba kaya, da ruwa ya fara shiga ki ɗan jawo durowar kaɗan, kamar faɗin yatsa biyu, ki leƙa. Ruwa mai ƙarfi za ki ji shi yana feshi ta huji da yawa. In ta huji biyu ko uku yake zuba a kasalance, sai ki rufe famfo, ki kwance tiyon da ke bayan injin. A bakin inda ya shiga akwai 'yar rariya, a zaro ta da filaya a hankali. Ruwan burtsatse da na rijiya na ɗauke da yashi, kuma wannan rariyar takan cika taf. Sau da yawa wanke ta kaɗai ya isa. In ta toshe sosai, injin kan tsaya ya nuna alama, injin kamfanin LG kan rubuta IE, na Samsung kuma 4C ko 4E, duka ma'anarsu ruwa ba ya shigowa yadda ya kamata. In rariyar fes take kuma ruwan na nan ba ƙarfi, mafita ta dindindin ita ce ƙaramin famfon ƙara ƙarfi, wanda masu aikin famfo ke kira busta, a ɗaura a layin injin, ko a ɗaga tankin. Kafin nan, ki daina wahalar da kanki da gidan II: ki zuba omon kai tsaye a cikin ganga, a ƙasa, kafin ki sa kaya. Wanki zai yi kyau lafiya lau, sai dai a ranar ba zancen Prewash, don ruwan farko zai tafi da omon duka. Wani ɗan abu kuma da ake rainawa: ki tsane gidan da tsumma kafin ki zuba gari. Gari a kan jiƙaƙƙiyar roba liƙewa yake tun kafin ruwa ya zo.

Kumfar da ke fitowa ta durowa kuwa, daga ganga take hawowa ta wancan ƙaton tiyon, kuma laifin irin omon ne ko yawansa. Yawancin omon leda da ke shagunan unguwa na wankin hannu ne, an yi shi ya yi kumfa sosai saboda masu saye da kumfa suke auna kyawun omo. Inji mai ƙofa a gaba ba haka yake so ba. Ruwansa kaɗan ne, lita 40 zuwa 60 a wanki gaba ɗaya har da ɗauraya, kuma wankinsa ɗaga kaya ne ya sako su su faɗi. In kumfa ta cika ganga, kayan a kan kumfa suke sauka, ba su bugu ba balle datti ya fita. Tana kuma rikita na'urar da ke auna yawan ruwa, ta hana famfon zubarwa aiki sosai, injin ya yi ta ƙara ɗauraya, wankin awa ɗaya ya koma biyu. Samsung har rubutawa yake, Sud ko 5ud. Ki nemi omon da aka rubuta Automatic ko Matic a jikinsa, ko mai hoton inji mai ƙofa a gaba. In ba ki samu ba sai na hannu, ki rage shi sosai, ki fara da rabin abin da kika saba. Sabulun sanda da wasu ke gogawa a zuba, shi ma ban ba da shawararsa ba, yana haɗuwa da gishirin ruwa ya zama dauɗa mai liƙewa.

Yawan da ya dace yana jikin leda, kuma galibi an lissafa shi ne kan kaya kilo 4 zuwa 5 masu matsakaicin datti. In rabin ganga kika sa, ki rage. In ruwan unguwarku mai gishiri ne, irin wanda ke barin farin ɓawo a gindin butar dafa ruwa kuma sabulu ba ya kumfa da shi da wuri, ki ɗan ƙara, domin sinadaran kalsiyam da magnesiyam da ke cikinsa na cinye wani kaso na omon. Alamar da za ki bi ita ce gilashin ƙofa: 'yar kumfa a lokacin wanki daidai ne, amma in a ɗauraya ta ƙarshe har yanzu kina ganinta, kin yi yawa.

Omon ruwa shi ma gidan II yake shiga, sai dai tunda gidan a buɗe yake ta baya, yana zuba yana gangarawa. Shi ya sa wasu injina ke zuwa da ɗan marfi da ake saukewa ya tare shi, ko ɗan kwano da ake sakawa a ciki. In za ki koma omon gari, ki ɗaga marfin ko ki cire kwanon, in ba haka ba garin zai taru a bayansa. Wannan ma yana cikin abubuwan da ke sa omo dunƙulewa, ki duba ko naki a sauke yake tun daga kanti. In babu marfin, ki zuba omon ruwan a murfin awonsa ki ajiye cikin ganga a kan kaya, musamman in kin saita injin ya fara bayan wasu awanni ko kin zaɓi Prewash. Ga gajeren wanki na minti 15 ko 30 da ruwan sanyi, na ruwa ya fi, gari ba ya samun lokacin narkewa. Ƙananan ƙunshin omo masu leda mai narkewa kuma ba sa shiga durowa ko kaɗan. Can ƙuryar ganga ake jefa su kafin kaya, da busasshen hannu, kuma a ɓoye su daga yara don kamar alewa suke.

In aka ɗauke wuta ana tsakiyar wanki, kada ki ƙara komai a durowa. Omon ya riga ya shiga, ruwan laushi na nan yana jiran lokacinsa, kuma injina da yawa na ci gaba daga inda suka tsaya in wuta ta dawo. Jawo durowa a leƙa a mayar a wannan lokacin shi ne ke sa ruwan laushin zubewa.

Wankin durowar kanta, sau ɗaya a wata ya isa, da damina a fi haka don fumfuna ta fi samun wuri. Ki jawo ta har ta tsaya, ki danna ɗan harshen da ke wajen gidan fure, wasu an rubuta PUSH, sai ta fito gaba ɗaya. Kada ki fizge, harshen karyewa yake. Ki cire hular bututun, ki jiƙa su a ruwan ɗumi, ki bi lungu-lungu da tsohon buroshin haƙori, bututun kuma ki zura masa tsinken auduga har ki ga haske ta ciki. Wurin da kowa ke mantawa shi ne ramin da durowar ta fito, musamman rufinsa. Ki haska da fitilar waya, za ki ga baƙin fumfuna da farin gishiri sun rufe rabin hujin. Ki goge da buroshi da ruwan khal, masu taurin ki buɗe su da tsinken sakace, ba da allura ko ƙusa ba. Amma ki kiyaye, kada ruwan khal ko wani abu mai tsami ya haɗu da bilic, haɗinsu na fitar da iskar kulorin mai illa ga huhu. In kin yi amfani da ɗaya, ki ɗauraye sosai kafin ɗayan. Kafin ki mayar, ki gwada gidan fure a bakin famfo: hula a zaune, ki cika shi da ruwa har ya wuce MAX. In ya janye da kansa ya bar 'yan ɗigo, ya gyaru. Daga nan ki yi wanki ɗaya ba kaya a zafin digiri 60 ko 90 don ya wanke tiyo da ganga, kuma bayan kowane wanki ki bar durowa da ƙofa a ɗan buɗe su sha iska.

In bayan duk wannan ruwa na da ƙarfi, huji a buɗe, amma wani gida guda ko kaɗan ruwa ba ya zuwa masa, misali omon II ya fito a bushe ƙurmus, ko ruwan laushi yana nan yadda kika zuba shi bai ƙaru ba bai ragu ba, to ɗaya daga cikin bawul ɗin ne ya mutu ko wayarsa ta saki. Haka in ruwa na ɗiga cikin durowa alhali injin a kashe yake, bawul ne bai rufe ba, ki riƙa rufe famfo har a canja shi. Waɗannan biyun aikin mai gyara ne, kuma tunda injin sabo ne, ki fara kiran inda kika saya da takardar garanti kafin wani ya buɗe masa baya.